Shekarar da Rini Ya Shiga Rijiya

Da sunan Allah nake fara wannan, Shi da Ya ga abin tun kafin in faɗe shi. Ni ce Kande, uwarku. Ban san baƙi ba, ban iya rubutu ba, Malam Habu ɗan ƙanwata ne ke riƙe da alƙalami, na kuma roƙe shi kada ya gyara mini magana ko da ta yi ɗaci. In ya ga na yi shiru ya jira ni, kuka ne ke zuwa, kuma yanzu na daina ɓoye shi. Ubanku ya shekara biyu a ƙasa. Ku ukun da Allah Ya bar mini kun tashi kuna jin magana ɗaya a garin nan, wai uwarku ce ta sa aka cike ramukan rinin gidanku, ita ta kori arziki da bakinta, ita ta kashe rijiyar unguwa. Kun ji a bakin rafi, kun ji a gidan biki, kuma na ga lokacin da kuka fara yarda. Shekara talatin ban musa ba. Yau zan faɗi yadda aka yi, har da inda nake da laifi, domin ina da shi.

Lokacin da aka kawo ni gidan nan, unguwarmu ba ta fi gida goma ba. Gona na jingine da gona tun daga bayan danga har hanyar Minjibir, babu daji ko na ɗaure akuya, sai itatuwan da kowa ya bari a tsakiyar shukarsa. Rijiya ɗaya gare mu, ruwanta mai daɗi, ba ta ƙafewa ko bazara ta yi tsanani. Sama da ita kaɗan, kamar taku ashirin, a gefen gonar kakanku, akwai wani gawo da mutum uku ba sa zagaye shi da hannu. Ku ba ku san shi ba, sai babbanku, shi ma da ƙyar zai tuna. Gawo ba kamar sauran itatuwa yake ba. Da damina, lokacin da kowa ke yin ganye, shi zubar da nasa yake, rana ta sami shuka, ganyen ya zama taki, geron gindinsa ya fi na ko'ina tsawo. Da rani kuwa sai ya yi kore shar, ya zubo 'ya'ya, awaki su ƙoshi, mata masu jiran guga su zauna a inuwarsa. A wajenmu ƙasa daban take, itace daban. Gona tana iya zama ta wani, itacen da ke cikinta na wani. Wannan gawon na kakarku ne, ta gada daga ubanta. Da ciwon ajali ya kama ta, ta tara 'ya'yanta maza biyu da ni.

"Gona taku ce, ku raba," in ji ta. "Gawon na Kande ne. Ita ke share gindinsa, ita ke tsince wa awakina 'ya'yansa."

Sai ta riƙe mini hannu ta ce, "Kada ki bari a sa masa gatari. Wanda ya haƙa rijiyar nan gawon ya bi."

Na ce to. Ban tambaye ta ma'anar maganar ba, na ɗauka zancen mai ciwo ne.

Bayan rasuwarta da shekara biyu, Baffanku Barau, ƙanin ubanku, ya dawo daga Birni inda ya daɗe yana yi wa wani marini aiki. Ya dawo da hannu baƙi har gwiwa da riga mai ɗaukar ido, da baki kuma wanda ba ya gajiya. Kullum maganarsa ɗaya ce: mu ne ke noma auduga, matanmu ke kaɗi, masaƙanmu ke saƙa, sai a ɗauki farin ƙyalle a kai Birni a tsoma shi a rami, mai ramin ya ci abin da ya fi na dukanmu. Fatake suna neman rinannen tufafi kamar me, don Buzaye ba sa sa wani abu sai shi. Karofi, wato wurin rini, mai rami huɗu yake so su haƙa shi da ubanku. Amma ramin rini ya fi garken shanu shan ruwa, dole ya zama kusa da rijiya, kuma babu fili kusa da rijiya a gonarsu sai inda gawon yake tsaye. Da yake itacen nawa ne, ba a iya taɓa shi sai da bakina. Ya same ni a tsakar gida da hantsi ina kaɗi, ubanku na gefe yana sa wa fartanya ƙota.

"Matarmu, awakinki sun ci rabonsu," in ji Barau. "Yanzu ki bari mutane su ci nasu."

"Inna ta ce kada a sare."

"Allah Ya jiƙan Inna. Ita da ko kasuwar Minjibir sai an ja ta, ina ta ga karofi?"

"Kai da ka gani, me ka kawo mana ban da baƙin hannu? Ko tuwo ba na yarda ka sa hannu a ƙwaryata."

Ya yi dariya, ya zaro wani abu daga ƙarƙashin rigarsa ya warware a kan tabarma. Zane ne, baƙi wuluk, an buge shi har yana sheƙi kamar bayan hankaka. Ban taɓa riƙe irinsa ba. Na yi auren fari da suna biyu da zanen saƙi mai kaushi. Na dubi ubanku.

"Itacenki ne," ya ce. "Ni ba zan tilasta ki ba."

Haka ya faɗa, amma idonsa ba a kan ƙotar yake ba. Na ɗauki zanen na kai ɗaki. Wannan shi ne farkon laifina, ba wanda ya murɗe mini hannu. Kwana uku maza shida suna saran gawon. Ranar da ya faɗi, ƙasa ta girgiza har tulunan da ke bakin rijiya suka kaɗa. Suka tone kututturen, amma saiwoyin sun yi ƙasa fiye da yadda mutum zai bi, sai suka datse su suka bari. A nan suka haƙa ramukan, kowanne zurfin mutum biyu, suka shafe cikinsu da laso, wannan shafen da ke hana ruwa tsiyaya. Itacen kuwa aka ƙone shi don toka, domin rami ba ya kama rini sai da toka.

Ba zan yi muku ƙarya in ce ba mu ji daɗi ba. Shekara uku mun ji. Ubanku ya koyi rini har ya fi Barau hannu. Rabin gonar aka mayar da ita ta baba, ganyen da ake rinin da shi, mu mata muna daka shi muna dunƙulawa muna shanyawa. Zarena kyauta ake rina mini, in sayar wa masaƙa da daraja. Muka ci nama ranar da ba sallah ba. Aka sayi jaki. Fatake suna sauka a ƙofar gidanmu, jakadan da ke zuwa daga Birni karɓar kuɗin karofi a zaurenmu yake cin tuwo, mai gari kuwa in ya ga ubanku sai ya ce a shimfiɗa masa buzu. Ni kaina na fara tafiya kamar wadda ƙasa ba ta isa ta taka ba. Amma a cikin shekarun nan ne unguwa ta fara wari, irin warin da baƙo ke toshe hanci mu kuwa mun daina ji. Ƙuda ya yi yawa. In an kwashe laɓon gindin rami aka ƙona don sabuwar toka, hayaƙin ya kwanta a kan gidaje, tsofaffi su yi ta tari har kwana uku. Ramukan ba sa ƙoshi da itace. Bayan gawo aka sare marken bayan gari, aka sare kanyar kan iyaka, har ƙananan ɗorawa biyu da ba su fara 'ya'ya ba. Mata suka koma ƙona karan da ya kamata a yi danga da shi. Geron gefen rijiya da a da yake rufe mahayin jaki ya koma iya ƙirji. Rumbunmu bai ƙara cika ba, hatsi sai a kasuwa, amma da yake akwai abin saya ba wanda ya damu. Hannun ubanku ya tsattsage, da daddawa ko gishiri ya taɓa shi sai ya ja tsaki.

A shekara ta huɗu damina ta yi ƙaranci, rijiya ta ja baya tun kafin sanyi ya fita. A lokacin ƙanwarku Hansatu tana da shekara uku. Kai autana ba ka san ta ba, bayanta aka haife ka. Yarinya ce mai surutu, ta sa wa kowace akuya suna, tana satar allin kaɗina ta shafa a fuska ta zo ta ce wai ita tsohuwa ce, in gaishe ta. Da bazara ta shigo, wata safiya na jiƙa farin zarena a ƙwarya da ruwan rijiya kamar yadda na saba kafin in kai wa masaƙi, na shanya a kan zana. Da ya sha iska sai na ga ba fari ba ne, ya yi shuɗi-shuɗi kamar sama bayan ruwa. Na ce watakila hannun ubanku ya taɓa ƙwaryar. Washegari na ɗauki sabuwar ƙwarya, na jawo ruwa da kaina, na jiƙa wani zaren. Haka ya sake yi. Na tsaya ina kallonsa, maganar kakarku ta dawo mini. Sai na naɗe zaren na tura shi ƙasan tukunyar da nake ajiye zanen nan. Wannan shi ne babban laifina. Kwana ashirin na yi shiru. Na ji tsoron ubanku, na ji tsoron komawa zanen saƙi, na fi jin tsoron a ce ai Kande ce ta ba da gawon. Na ce wa raina ɗan launi ne kawai, ba zai yi komai ba. Na ci gaba da dama muku kunu da shi.

Manya ciki ya riƙa murɗa musu, ya wuce. Yara ne abin ya kama. Gudawa da amai, baki ya yi ƙuraje, yaro ya ƙi nono ya ƙi kunu. Aka ce iska ce ta ratsa unguwa, aka yi sadakar waina, aka karɓo rubutu. Rubutun ma da ruwan rijiyar muke wanke allon mu ba su. Ɗan Ladi matar maƙeri, maƙwabciyarmu kuma ƙawata, shi ya fara tafiya, yaro ɗan shekara biyu. Na je gaisuwa da Hansatu a bayana, ta yi laushi kamar tsumma. Ladi na zaune a ƙofar ɗakinta, aka miƙo mata ruwa a ludayi, ta kai baki ta sauke.

"Kande, ruwan nan wari yake, ko hancina ne?"

"Bazara ce," na ce mata. "In rijiya ta ja baya haka take yi."

Malam Habu, rubuta wannan yadda na faɗa. Haka na ce mata, ranar da aka binne ɗanta.

Washegari na kai wa ubanku koko a karofi, abin da ban saba ba, babbanku ne ke kaiwa. Na tsaya daga nesa. Na ga ya tsoma yatsa a rami ya kai harshe, domin haka marina suke gane ko toka ta ji, kowace safiya sai sun ɗanɗana. Na ga ramin da ya fi kusa da rijiya ya sauka kusan kamu guda daga bakinsa, alhali da yamma cike suke barinsa, Barau na ta juye masa guga. Sai na ga wani abu a ƙarƙashin rumfarsu: tuluna biyu da aka sauke daga jaki, jikinsu da yashin rafi. Wani ɗan saƙa da ya kawo ƙyalle ya nemi ruwa, daga nan aka zuba masa. Na ajiye kokon na koma gida. Da azahar ubanku ya shigo, na bi shi ɗakinsa na durƙusa.

"Maigida, me ya sa kuke shan ruwan rafi a karofi?"

"Ya fi sanyi."

"Rafin da sai an tona yashi kafin a sami ruwa, shi ya fi sanyi?"

Ya kau da kai. Na ajiye masa zaren a gabansa.

"Kai da kake ɗanɗana ramin nan da harshenka kowace safiya, ka ce mini ba ka ji shi a randata ba."

Ya daɗe yana kallon zaren. Sannan ya ce, "Na ji."

"Tun yaushe?"

"Tun sanyi bai fita ba. Ramin gabas ne ke yoyo. Akwai kayan fatake a ciki, Kande, in muka kwashe ruwan yanzu sun lalace. Damina ta kusa, in ta sauka rijiya za ta cika ta wanke kanta, mu kuma mu sake laso. Barau ya ce baba ganye ne, ganye ba ya kisa."

"To in ba ya kisa, me ya sa ba ku sha?"

Na sake tambayarsa.

"Me ya sa ba ka kawo wa 'yarka ko tulu ɗaya ba?"

"In na kawo tulu gida, unguwa za ta tambaya."

Wannan maganar ita ce na haɗiye shekara talatin. Ban zage shi ba, ban yi kuka a gabansa ba. Na goya Hansatu, na ɗauki tulu na tafi rafi, daga can ban dawo gida ba, na wuce ƙauyen gaba wajen Tsoho Jatau. Bamaguje ne, mutumin wajen Bagwai, su ne masu haƙar rijiya tun kakanni, ubansa ne ya haƙa tamu. Na nuna masa zaren. Bai tambaye ni komai ba sai abu ɗaya.

"'Yata, a ina suka haƙa ramin?"

"Inda gawon yake."

Ya girgiza kai ya ɗauki igiyarsa. Da safe, a gaban matan da suka zo ɗiban ruwa, ya ɗaura igiyar a ƙugu aka zura shi ciki, tsoho mai furfura. Ya daɗe. Da aka jawo shi yana riƙe da guntun saiwa mai kaurin cinya, ta ruɓe, cikinta ya zama rami kamar bututu, baƙi ƙirin da rini.

"Gawo ruwa yake bi," ya ce wa matan. "Inda saiwarsa ta je, nan ruwa yake, shi ya sa ubana ya haƙa a nan. Yana da rai, saiwar ta toshe hanyarta. Kun kashe shi, ta ruɓe, ƙasa ta zauna, lason ya tsage. Kun haƙa wa rini hanya har cikin randunanku."

Kafin la'asar magana ta kai gidan mai gari. Aka tara maza a zaure, ni aka ce in durƙusa a bakin ƙofa daga waje. Ubanku na ciki, Barau na ciki, maƙeri mijin Ladi na ciki, ya ƙi zama. Mai gari ba ya son maganar, domin ramukan nan suna ƙara masa girma a wajen jakada.

"Yanzu mace da mai haƙar rijiya ne za su koya wa marina rini?" in ji shi.

"Ranka ya daɗe, a tambaye ta da me ta sayar da gawon," in ji Barau. "Zane ɗaya ne. Har yau yana tukunyarta."

Wasu suka yi dariya. Maƙeri ya ɗauki saiwar ya jefa ta tsakiyar zauren, dariyar ta tsaya.

"Ɗana na ƙasa," ya ce. "Abu ɗaya nake so in ji. Masu ramin sun sani ko ba su sani ba?"

Mai gari ya juyo wajena. "Ke ce kika tono maganar. Mijinki ya sani?"

Na san abin da ke bayan tambayar. In na ce ya sani, magana ta bar hannun mai gari ta tafi gaban alƙali a Birni, maganar jini ce. Ko ya tsira da ransa ba zai ƙara kwana a garin nan ba, ku kuma ku tashi 'ya'yan mutumin da ya sha ruwan rafi ya bar yaran unguwa suna shan rini. Ba mai ba ku 'yarsa. Na dube shi ta ƙofar zauren, kansa na ƙasa.

"Bai sani ba, ranka ya daɗe," na ce. "Ni ce na gani a zarena tun kwana ashirin, na ɓoye masa. Itacen ma nawa ne, ni na bayar."

Na faɗa, sai na jira. Wallahi na jira. Na ɗauka zai ɗago kai ya ce a'a, ba ita kaɗai ba ce. Ƙofar zauren a buɗe take, yana jin numfashina. Bai ɗago ba.

Mai gari ya so a cike ramin gabas kawai a bar sauran. Maƙeri ya rantse ba zai ƙara ƙera wa kowa fartanya a garin ba sai an cike dukansu, ga shi damina na bakin ƙofa, sai aka cike huɗun. Aka tsamo kayan fatake rini bai gama kamawa ba, jakin da wani yanki na gonar suka tafi a ramuwarsu. Barau ya ɗaure kayansa ya koma Birni. Da zai fita ya tsaya a tsakar gida ya ce, "Matarmu, kin huta. Sai ki rina zarenki a rijiya." Ban ƙara ganinsa ba. Ladi kuwa, da labarin abin da na faɗa a zaure ya kai mata, ta zo har bakin dangarmu. Ba ta ɗaga murya ba.

"Bazara ce, ko Kande?"

Ta juya. Shekara goma sha ɗaya muka ƙara yi danga ɗaya tsakaninmu, ba ta sake amsa gaisuwata ba har ta rasu.

Hansatu ta kwana huɗu bayan an cike ramukan. Ina ba ta ruwan rafi da ludayi, yana shiga yana fita. Idonta ya faɗa, bakinta ya bushe, yarinyar da ba ta yin shiru ta koma kallo kawai. Rana ta huɗu da la'asar tana kan cinyata a inuwar rumbu, awaki suka shigo daga kiwo, ta juya kai ta bi su da ido, shi ke nan. Ban ma ji fitar ranta ba, sai da na ji ta yi nauyi. Bayan kwana shida ruwan farko ya sauka, ruwan da ubanku yake jira. Ina zaune a ɗaki ina jin sa a kan jinka, yara na murna a waje. 'Ya'yana, har yau in hadarin farko ya taso ba na iya cin abinci.

Rijiyar ba ta wanke kanta ba. Damina uku ana yashe ta, Tsoho Jatau ya shiga sau biyu, ruwan na dawowa da warinsa. Daga baya aka rufe ta da itace aka zuba ƙasa. Aka gwada haƙa wata a wuri biyu, ba a sami ruwa mai tsayawa ba. Tun daga nan matan unguwar nan rafi suke zuwa, tafiyar da in ka fita da hantsi sai rana ta take ka dawo, kuma kowace mace da ta ɗora tulu a ka ta san sunan wadda za ta zaga. Masu jin haushin arzikin da ya tafi suna zagina don na yi magana, masu jin haushin 'ya'yansu suna zagina don na yi shiru. Na biyun suna da gaskiya. Ubanku ya koma gona, ya zama mutum mai shiru mai yawan zuwa masallaci, kowa na tausayinsa, bawan Allah da matarsa ta kassara. Bai taɓa ɗaga mini hannu ba, bai taɓa hana ni ci ko sutura ba, bai kuma taɓa tayar da maganar ba ko sau ɗaya. In kun dawo gida kuna kuka an ce muku 'ya'yan mai rufe rijiya, yana zaune yana ji, sai ya ɗauki fartanya ya fita. Kai babba, ranar da kake saurayi ka ce mini, "Inna, da kin kama bakinki da yanzu mu ne masu garin nan," ubanka na bayan zana yana alwala. Na ji ruwan butar ya tsaya. Sai kuma ya ci gaba da zuba.

Ranar da zai cika, da hantsi, kun tuna ya ce ku fita ku bar mu. Kun ɗauka wasiyyar gona zai yi. Ya kira sunana, abin da ya daɗe bai yi ba.

"Kande, ki yafe mini."

"Wanne daga ciki, Maigida?"

"Duka."

"'Ya'yanka na bakin ƙofa. In kira su ka faɗa musu da bakinka?"

Ya rufe ido. Hawaye na bin gefen kunnensa. "Ba zan iya ba. Bar su su tuna ni yadda suka san ni."

Na gyara masa mayafi, na ce, "Nawa na yafe. Zaure da zagin rafi da shekarun nan duka, na yafe maka duniya da lahira. Amma na Hansatu da na ɗan Ladi ba nawa ba ne, ba ni da ikon yafe shi. Can za ka same su."

Ya juya fuskarsa bango. Kafin azahar ya cika.

Ban faɗi wannan don ku daina yi masa addu'a ba. Ubanku ne, ya ciyar da ku da guminsa, kuma ya fi bukatar addu'arku yanzu fiye da yadda kuka zata. Ku ƙara masa, ku sa ni a ciki, Allah Ya yi mana da sauƙi ranar tsayuwa. Ni ma can zan same su, yaran nan biyu da uwar ɗayan, kuma kullum ina shirya abin da zan ce wa Ladi, har yau ban samu ba.